WASIƘAR NASSARAWA: Riƙon Hankali a Kwanakin Tsanani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana wadda ta dami kowa, amma ba a cika zama a warware ta ba. Maganar kuwa ita ce, yaya mutum zai riƙe hankalinsa sa'ad da zamani ya rikice, ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar?

Ba sai na tsaya lissafa abubuwan da ke hana mutane barci ba. Mai albashi ya san kwana nawa albashinsa ke kai shi, mai iyali ya san kuɗin kwanon masara, wanda ya ke da ɗan'uwa a kan hanya kuwa ya san yadda gabansa ke faɗuwa in waya ta yi ƙara da tsakad dare. Abin da na ke so mu duba shi ne, tun da tsanani ba ya sallama kafin ya shigo, wace irin tarba ce ta kamace shi. Mu mutanen Kano ba mu bukatar aron misali daga nesa, gama a cikin 'yan shekarun nan an karantar da mu darasin nan har sau uku ko huɗu.

A ganina, in tsanani ya sauka, cuta biyu ke biyo bayansa, kowace kuwa ta kan yi ɓarna wadda ta kusa ta shi kansa tsananin. Ta fari ita ce firgici, watau mutum ya ji abu, kafin ya auna shi har ya zabura. Ta biyu ita ce ganganci, watau mutum ya ga abu ƙuru-ƙuru, ya ce babu kome, ƙarya ce a ke yi. Mutane da yawa suna tsammani mai ganganci shi ne jarumi, alhali kuwa shi ma tsoro ne ya hana shi buɗe ido. Natsuwa tana tsakanin waɗannan biyu. Mai natsuwa ya kan ji tsoro kamar kowa, sai dai ba ya ba tsoron linzami.

Mu tuna da shekarar 2020. Ran 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na fari da ya kamu da cutar korona a Kano. Ran 16 ga wata, da ƙarfe goma na dare, dokar kulle ta fara aiki, aka rufe kasuwanni da masallatan Jumma'a da majami'u. Azumi ya kama ran 24 ga wata mutane suna cikin gida, ran 27 kuma Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle. A cikin kwanakin nan ne mace-mace suka yawaita, galibi dattawa, har da manyan malamai irin su Shehun Malami Ibrahim Ayagi. Masu haƙa kabari suka ce ba su saba ganin irin wannan ba. Ɗakin gwajin cutar da ke garin ya tsaya da aiki na 'yan kwanaki, asibitocin kuɗi da yawa kuma suka rufe ƙofa. Kowa ya duba wayarsa sai ya ga ta'aziyya.

To, a nan cutukan nan biyu suka bayyana sosai. Masu firgici suka guji marasa lafiyarsu, wanda ya yi tari sai a dare a bar shi, mai hawan jini da mai ciwon sukari suka ji tsoron zuwa asibiti har magani ya yanke musu. Masu ganganci kuwa suka ce ai babu wata korona, suka ci gaba da cunkoso wurin jana'iza da wurin ƙwallo, suna komawa gida wurin tsofaffinsu. A watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon binciken da aka yi. Ya ce an lissafa mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, har ta kai ana rasa mutum 43 a rana inda aka saba da kamar 11, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa ne korona ce sanadinsu. Ashe mai cewa babu kome ya yi kuskure, mai cewa garin zai ƙare shi ma ya yi kuskure. Ran 2 ga Yuli aka ɗage dokar kulle, Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi suka cika kamar jiya.

Su wa suka riƙe garin a kwanakin nan? Waɗanda suka tsaya a tsakiya ne. Likitan da ya ɗaure hanci da baki ya fito aiki ko da ya ke ya san abokan aikinsa sun kamu. Limamin da ya ce wa jama'arsa su yi salla a gida, ya ba su hujja. Ɗan da ya hana baƙi shiga ɗakin tsohonsa, amma bai bar maganin tsohon ya yanke ba. Malamai sun fi ni sanin labarin Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can. Bai zabura ba, bai kuwa yi ganganci ba. Ya tara mutane ya yi shawara, kāna ya juya da jama'arsa, ba wanda ya isa ya ce tawakkalinsa ya raunana.

Darasi na biyu shi ne na kuɗi. Ran 26 ga Oktoba, 2022, Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa zai sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ran 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba. Aka ga mutum da kuɗinsa a banki ya kwana a layi, aka ga ana sayen naira da naira. Wahalar gaskiya ce, ba mai musun wannan. Amma a lura da wanda ya fi hasara. Wanda ya firgita ne, ya karyar da akuyarsa ko hatsinsa don ya ga sabuwar takarda a hannu, ko ya rabu da tsofaffin kuɗinsa a wulaƙance don kada su mutu a aljihunsa. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar, a watan Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin ɗungum. Takardar da aka guda ta dawo kasuwa, akuyar da aka karyar kuwa ba ta dawo turke ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce gaggawa aikin Shaiɗan.

Darasi na uku a ƙofar gidanmu aka yi shi, nan Nassarawa. Ran 23 ga Mayu, 2024, Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, aka mai da Muhammadu Sanusi na Biyu kan gadon sarauta. Ran 25 ga wata Alhaji Aminu Ado Bayero ya komo gari ya sauka a gidan Sarki na Nassarawa, masu tsaro suka kewaye wurin, magana ta tafi gaban alƙalai. Ba aikina ba ne in ce ga mai gaskiya, kuma wannan fili ba nasa ba ne. Abin da ya shafi maganarmu shi ne halin da talakawa suka nuna. Duk wanda ya san tarihi gabansa ya faɗi, gama an taɓa yin haka. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufu da mutanensa suka fita suka kafa sansani a Takai, aka yi Basasa wadda ba ta lafa ba sai 1895, bayan an zub da jini mai yawa. A 2024 kuwa, duk da abin da a ke ta hasashe a wayoyi dare da rana, mai shago ya buɗe shagonsa, yara suka tafi makaranta, aka yi gardama a majalisu aka tashi lafiya. An hana hawan salla a shekarar, mutane suka ji zafi, amma suka haƙura. Lalle wannan abin a yaba wa Kanawa ne.

Sai dai ba a daɗe ba muka ga ɗaya fuskar. Ran 1 ga Agusta, 2024, aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Kukan gaskiya ne, yunwa ba ƙarya ba ce. Amma da hankali ya kuɓuce, sai aka fasa rumbuna da ofisoshi, aka wawashe cibiyar koyar da aikin kwamfuta wadda a ke shirin buɗewa domin samarin garin, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita dare da rana. Wanda sai ya fita ya ke samun na tuwo, shi ya fara kwana da yunwa. Watanni biyu da 'yan kwanaki ke tsakanin waɗannan al'amura biyu, gari ɗaya, mutane ɗaya. Abin da ya bambanta su, a na fari an riƙe hankali, a na biyu an sake shi.

To, 'yan'uwa, yaya a ke riƙe shi? Cewa mutum ya kwantar da hankalinsa ba wuya, amma faɗa kaɗai ba ta kwantar da shi. Natsuwa sana'a ce, tana da kayan aiki. Ga biyar da na ke ganin kowa na iya ɗauka.

Na fari, a tace labari kafin a haɗiye shi, balle a miƙa wa wani. Kowane labari ya zo maka, yi masa tambaya uku: wa ya faɗa, da idonsa ya gani, yaushe abin ya faru? Hoton gobarar bara ya kan dawo bana da sabon suna. Ku tuna da watan Agusta na 2014, daren da aka tashi mutane daga barci ta waya aka ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha, wai maganin Ebola ke nan. Masu ilmi da marasa ilmi aka yi ta dama gishiri kafin asuba, wasu suka kwanta asibiti, har aka ba da labarin rasa rai. Cutar kuwa ba ta ko iso Kano ba, ran 20 ga Oktoba aka tabbatar ta ƙare a Nijeriya. Ji-ta-ji-ta ba sabuwar cuta ba ce. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta raɗe-raɗin wai Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus, irin wannan kuwa yana cikin abin da ya sa aka ga bukatar jarida da Hausa, har Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Bambancin kawai, a da ƙarya da ƙafa ta ke tafiya, ta kan gaji a hanya. Yanzu kuwa WhatsApp ta ba ta fiffike. Saboda haka a yanka wa jin labari lokaci, safe da maraice ya isa. Wanda ya kwana yana leƙen waya bai ƙaru da sani ba, sai da fargaba.

Na biyu, a yi wa damuwa lissafi irin na akawu. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. Hannun dama ka rubuta abin da ke ikonka: kwano nawa na hatsi ya rage, bashin wa ke kanka, maganin wa ya kusa ƙarewa, wane kashe kuɗi za a iya dakatarwa. Hannun hagu ka rubuta abin da ba ya ikonka: farashin fetur, hukuncin kotu, saukar damina. Na dama ka tashi ka aikata, na hagu ka bar wa Mai shi. Damuwar da ba a rubuta ba kamar kura ce cikin duhu, kukanta ya fi jikinta. Musulmi da Kirista duk sun san labarin Annabi Yusufu a Masar. Da aka san shekaru bakwai na yunwa suna tafe, ba kuka aka zauna yi ba, rumbu aka gina.

Na uku, kada a bar tsarin yini ya rushe. Likitoci sun bayyana cewa in mutum ya tsorata zuciyarsa ta kan ƙara bugu, numfashi ya gajarta, jini ya hau, domin jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan yana da amfani in maciji ka gani. Amma in aka kwana aka tashi a haka mako da makonni, sai barci ya ƙaurace, ci ya ragu, fushi ya matso kusa, tunani ya dushe. Maganinsa na kusa shi ne ibada a kan lokacinta, barci a kan lokacinsa, aiki a kan lokacinsa, da 'yar tafiya da ƙafa in rana ta yi sanyi. In labari mai zafi ya same ka a tsaye, zauna, ja numfashi a hankali, sha ruwa, kada ka yanke shawarar sayarwa ko saki ko ƙaura sai ka kwana a kanta. Wanda kuwa baƙin ciki ya danne shi har ya kasa aiki, ko ya fara jin rai ya ishe shi, to, wannan ciwo ne kamar zazzaɓi, a kai shi ga likita. Akwai masu duba irinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, ba kuwa abin kunya a ciki.

Na huɗu, a kula da harshe da fuska a cikin gida. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, yara kuwa sun fi kowa iya wannan karatu. Ba a ce maigida ya ɓoye wa uwargida gaskiya ba, gama ita ke riƙe da tukunya, ita ta fi shi sanin inda za a tsuke. A zauna da ita a yi lissafin tare. Amma yaro ɗan shekara bakwai ba ya bukatar jin kowace ta'aziyya da kowane hasashe. Abin da ya ke bukata ya ga an ci abinci tare, an tambaye shi karatunsa.

Na biyar, a leƙa maƙwabci. Wannan na faɗa musamman ga mu mazauna unguwannin da katanga ta yi tsawo, inda mutum ya kan shekara bai san sunan na bayan gidansa ba. Mai gadi da direba da kuku da ke zuwa aiki Nassarawa daga Giginyu da Badawa da Gama da Tudun Wada, a kwanakin kulle su aka fara mantawa da su. Wanda ya aika musu da kwanon gero a ran nan ya taimake su, ya kuma taimaki kansa, gama ba abin da ke rage wa mutum nauyin damuwarsa kamar ya ɗauki ta wani.

Na san akwai mai cewa, "Kai akawu, kana da albashi a ƙarshen wata, shi ya sa wa'azin haƙuri ya yi maka daɗi. Je ka faɗa wa ɗan dako." Maganarsa tana da ƙarfi, ba kuwa zan kauce mata ba. Haƙurin da na ke nufi bai hana mutum neman hakkinsa ba. A rubuta wa jarida, a je wurin wakili, a kai ƙara, a jefa ƙuri'a. Kotun Ƙoli ba ta yi hukuncin nan na 2023 ba sai da gwamnatocin waɗansu jihohi, Kaduna da Kogi da Zamfara a kan gaba, suka kai ƙara. Mai natsuwa shi ya fi iya kuka a ji shi, domin ya san abin da ya ke nema da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ɗan dako kuwa shi ya fi kowa bukatar gari ya zauna lafiya, tun da shi ba shi da rumbun da zai jira ƙura ta lafa.

Ina kuma roƙon hukuma, cikin ladabi, ta ɗauki nata rabon. In abu ya faru, a faɗa wa jama'a da wuri, da Hausar da za su gane, abin da aka sani da abin da a ke kan bincikawa. Tsakanin mace-macen Afrilu na 2020 da bayanin Yuni an yi makonni, a cikin makonnin nan kuwa ji-ta-ji-ta ce ta yi sarauta. Gonar da mai ita bai shuka ba, ciyawa ba ta neman izini.

Daga ƙarshe, ku malamai da akawuna da masu koyarwa, nauyin nan ya fi faɗawa a kanku. Ku a ke tsayarwa a ƙofar masallaci a ce, "Malam, wai gaskiya ne?" Abin da kuka amsa, shi za a kai gida goma kafin isha. In kun sani ku faɗa, in ba ku tabbata ba ku ce a dakata. Garin nan ya ga Basasa, ya ga shigowar Turawa ran 3 ga Fabrairu, 1903, ya ga yunwar 1914 da annobar mura ta 1918, ya ga tarzomar 1953 da ta Maitatsine a 1980, ya ga 20 ga Janairu, 2012. Kowanne a ranarsa an ce ƙarshen Kano ya zo, ga Dala nan a inda ta ke. Kome nisan dare gari zai waye, amma a yi ƙoƙari wayewar ta iske mu da hankalinmu, da zumuncinmu, da 'yar dukiyarmu ba mu watsar cikin duhu ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanni ikon adalci, mu kuma Ya ba mu haƙuri mai amfani. Sai wani mako in muna da rai.

Haza wassalam.

Naku,
Akawun Nassarawa,
Kano.